Laka Mai Sawu

Can a wani zamani, a wani gari na bakin rafi, an yi wata yarinya gwanar gina ƙananan ƙauyuka da laka a kan faifai. Abu ɗaya ke ɓata mata rai: da hanyar rafin ƙauyen nata ta bushe, sai ta yi fari fat.

Kakarta ta ce, "Jiƙa ƙaro ki shafa, za ta riƙa sheƙi kamar ɗanya. Amma in kin je ɗibar laka, kada ki ɗebi inda mutum ya taka."

A bakin rafi kuwa, lakar da ta fi laushi ita ce mai sawu. Yarinya ta duba gabas, ta duba yamma, ta ɗiba. Ta gyara hanya, ta shafa ƙaro. Duk wanda ya gani sai ya ce, "Kai! Kamar yanzu aka ɗauke ruwa!"

Washegari ta ga 'yan mitsi-mitsin sawu a kan hanyar, suna zagaye, suna zagaye. Ta shafe su, suka dawo.

Sai ga maƙwabciyarsu da kuka. "Iya, maigidana ya tafi rafi bai dawo ba. An ce zagaye kawai yake yi a bakin ruwa."

Kaka ta dubi jikarta.

Yarinya ta sunkuci faifai sai rafi. Ta kankare hanyar nan mai kyau, ta mayar da lakar inda ta ɗebo.

Tana juyowa sai ga maƙwabcin, ƙafafunsa na sheƙi.

Ya ce, "Sannu 'yata. Ashe ga hanyar gida nan."