Wa Ya Ɗauki Inna Zuwa Asibiti?

"Rahma, wa ya ɗauki kakarki zuwa asibiti?"

Sista Nwamaka ce ke tambaya, baki da hanci a rufe, hannu cikin safar roba. Tana cikin masu bin sawun zazzaɓin Lassa, ciwon ɓeran da ya kashe mana Inna a unguwar Laranto, cikin Jos.

Rahma ta kalli ƙasa. Ta saci kallon ubanta.

"Wani mai Keke Napep ne..."

"Yaya sunanshi? Faɗa gaskiya, yarinya. Wanda ya taɓa jinin nan, in bai sha magani da wuri ba, zai mutu."

"Ban san shi ba."

Ni ce gwaggonta, Tabawa. Ina zaune a kan turmi ina kallon yadda take kauce wa idon kowa, na ɗauka tsoron masu fararen kaya ne. Ranar da abin ya faru ina Bukuru. Da na sani, wallahi da a nan zan fasa ƙwan.

Ashe Lasisi ne.

Lasisi ɗan Afusat mai ɗinki, haihuwar Jos, yaron da ya yi shekara biyu yana son Rahma. Ƙanena Bala ya kore shi don Bayerabe ne, ya kuma rantse duk ranar da ya sake jin sunansa a bakinta, ba shi ba ita.

Ranar da jini ya ɓalle wa Inna ta hanci, Bala yana shagonsa a kasuwar Terminus. Masu Keke suna leƙowa suna gudu. Rahma ta kira Lasisi. Ya sungumi tsohuwa a ƙirjinsa, jininta ya jiƙa masa riga sharkaf.

Aka killace mu a gida. Aka ƙona buhunan masarar da ɓeraye suka yi wa fitsari. Maƙwabtan da suka cinye mana shinkafar sadakar uku suka koma toshe hanci in sun zo ƙofarmu. Salim, ɗan abokin Bala, wanda kullum Bala yake cika mana kunne cewa shi ne mijin Rahma, ko gaisuwar waya bai yi ba.

Wata safiya na ji Rahma a bayan madafa tana raɗa a waya, ina jiyo muryar Lasisi ƙasa-ƙasa.

"Masoyi, muryarka ta canja..."

"Maleriya ce, 'yar gidana. Na sha na kemis."

"Tun yaushe?"

"An kwana biyu. Maƙogwarona ne kawai kamar an zuba barkono. Mama na goge min jiki."

"Da hannunta?"

Ta ƙara matse wayar a kunne.

"Lasisi, zan faɗa musu."

"Kar ki soma. Baba zai kore ki, ina za ki?"

"In ka mutu ina zan je?"

 Haka na Inna ya fara, da maƙogwaro.

Ban kai ga tashi ba sai ga sallamar Sista Nwamaka, ta zo auna zafin jikinmu. Bala na kan tabarma da carbi. Rahma ta fito, fuska jage-jage da hawaye, ta durƙusa a tsakar gida.

"Sista, na san mai Keken."

Carbin ya tsaya.

"Sunansa Lasisi. Ni na kira shi. Yana kwance, zazzaɓi ya kama shi..."

"Ke!" Bala ya miƙe. "A gabana?"

"Baba, ka yi min duk abin da za ka yi. Amma a fara zuwa a ɗauko shi."

Na sha gabansa.

"Zauna, Bala. Ni na goya ka, ba ka fi ƙarfin in zaunar da kai ba. Uwarka na zubar da jini, 'yan yarenka suka tsere, wanda ka kora ya rungume ta. Rantsuwarka ce ta ɗaure bakin yarinyar nan. In ɗan mutane ya mutu, ka san wanda zai amsa a gaban Allah."

Sista Nwamaka ba ta tsaya sauraronmu ba, tuni ta kira mota.

An ce da aka fito da shi ko tsayuwa ba ya iyawa. Aka killace Afusat ita ma. Rahma ta daina ci. Waya na ƙara sai ta dafe ƙirji, ta miƙo min, ta toshe kunnuwa. Wata rana aka ce ƙodarsa ta fara gazawa, ta zube a bakin rijiya ba ta ko iya kuka.

Da wa'adinmu ya cika na raka ta asibiti. Ba a shiga, sai dai a tsaya bayan shingen waya. Aka turo shi a keken marasa lafiya, ya rame kamar sillen kara.

"'Yar gidana, kin tona mana asiri."

"Na tona. Gobe ma zan tona."

"Likita ya ce da an ƙara kwana ɗaya..."

"Yi shiru, don Allah."

Ya yi dariya, ta fashe da kuka, yatsunta sarƙe da wayar shingen.

Bala ya yi azumin kaffarar rantsuwarsa, ya aika a ce su turo magabata. Na ce ba ta saɓu ba. Aike? Da aike aka ɗauki Inna? Na sa shi gaba har shagon Afusat, rana tsaka, layi cike da mutane.

Ya cire hula yana murzawa.

"Hajiya, na zo ne kan maganar yaron nan..."

"Wane yaro?" na ce. "Yana da suna."

Ya ce ƙasa-ƙasa:

"Lasisi."

"Ɗaga murya. Rahma a gabanka ta faɗa, ba ta yi raɗa ba."