Sabulu a Tukunyar Miya

Da safe aka tarar an zuba garin sabulu a tukunyar Mai Miya. Ledar sabulun kuwa tana ƙarƙashin bencin Baƙuwa mai suyar kifi, wadda ba ta daɗe da zuwa ba, ba ta kuma jin yaren kowa. Kafin Sajan na 'yan sanda ya iso an gama yanke hukunci: dole Baƙuwa ta kwashe kayanta ta bar wurin.

Rumfar cin abinci ce a bayan tasha. Direbobi, teloli, 'yan dako, kowa da yarensa, benci ɗaya suke zama. Kafin a fara sayarwa, cokali ɗaya ke zagaya masu girkin, kowa ya ɗanɗana na maƙwabcinsa. Wanda ba ka jin bakinsa, da cokalin kuke gaisawa.

Sajan ya fara da Mai Miya.

"Inna, wa ya fara ganewa?"

"Ita Baƙuwar. Tana kai cokali baki ta tofar."

"Wa ake miƙa wa kafin ita?"

"Dogo mai gashin nama. Shi da har ƙari yake nema, yau ya ce haƙori ya hana shi."

Da aka zo kan Baƙuwa, harshenta kawai ta nuna, ta girgiza kai.

Sajan ya ƙarasa wurin Dogo, ya sa aka yanko masa nama, ya ɗago wani mai jijiya.

"Dogo, wannan nama ne ko tayar mota?"

"Haba, yallaɓai, kamar auduga yake."

Dogo ya fizge yankan ya jefa a baki, ya tauna shi sarai, ya haɗiye.

"Sannu, haƙori ya warke ke nan," in ji Sajan. "Miya ce ta gagare ka, jijiya ba ta gagare ka ba. Wanda ya san abin da ke cikin tukunya shi ke gudun cokali. Baƙuwa kuwa sha ta yi."

Dogo ya sunkuyar da kai. Gurbin Baƙuwa na bakin ƙofa yake so ya sama wa ƙanensa.

Aka tafi da shi. Waɗanda suka fi kowa ɗaga murya ɗazu suka sulale, ko haƙuri ba su ba Baƙuwa ba. Halin mutane ke nan, kuma mummunan hali ne. Mai Miya ba ta san yadda ake neman gafara da yaren Baƙuwa ba. Ta wanke cokalin, ta je gaban kaskon kifi ta miƙa mata.