Koriyar Gezar Subeda Painda Khan

A bakin rijiyar ƙauyenmu, nan ƙasar Jhelum, Resham ta fara ganin Gulzar. Ya dawo daga yaƙin Iraki a rame kamar sillen kara, rawaninsa na soja da jar geza.

"'Yanmata, a sam mini ruwa mana."

"An ce masu jar geza a guje suke sha," ta ce, tana karkato masa tulu.

"Ni a tsaye zan sha. In a hannunki ne, har in tsufa."

Ta sunkuyar da kai, tulu ya kusa suɓucewa.

Sai dai ubanta Subeda Painda Khan ne, tsohon hafsan bataliyar masu koriyar geza, mutumin da ya fi yawan goge lambobin yabonsa fiye da haƙoransa. A cewarsa jajaye sun gudu a bakin kogin Dajla sun bar koraye. Ni dai na tambayi duk wanda ya dawo: zawo ne ya fi kashe su, kuma zawo bai duba rawanin kowa ba.

Da dangin Gulzar suka zo tambaya, Subeda ya dafa Alƙur'ani a gaban jama'a.

"'Yata sai mai koriyar geza!"

Yana da nasa a zuciya: Karam Dad, ɗan ƙaninsa mai koriyar geza, jarumin da ya ƙare yaƙin duka a bariki yana gadin barguna.

"Abba ji, zane za ka aura mini ko mutum?" in ji Resham.

"Rufe mini baki!"

Gulzar ya koma bakin aiki. Saƙonsa ya zo ta bakin mai tallar awarwaro: "Reshamata, hasken idona, ki jira ni."

Ta mayar masa: "Ramammena, ina jira. Ka riƙa cin abinci."

Ana nan sai Turawa a Delhi, waɗanda ba su san ƙauyenmu na duniya ba, suka ga rundunoni sun yi musu yawa. Suka haɗe wasu, suka sallami wasu. Aka sallami Karam Dad, ya dawo gida da rawani marar geza a ka. Bataliyar jajaye kuwa aka zuba ta cikin ta Subeda, aka raba musu sabon rawani.

Ranar wata Juma'a Resham ta hango koriyar geza ta shigo tsakar gida da tiren alewa. Ta ɗauka Karam Dad ne ya aro. Ta ɗaga murya daga bayan labule:

"Gara in faɗa rijiya!"

"Rijiyar da kika shayar da ni?"

Ta yaye labule. Gulzar ne, yana murmushi.

Subeda ya miƙe, gashin baki na rawa.

"Wannan ai ja ne aka rina!"

Matarsa Bhagan ba ta ko ɗago daga murza garin gurasa ba.

"Subeda Sahib, da geza ka rantse ko da abin da ke ƙarƙashinta? Duk gari sun ji ka."

Subeda ya duba Karam Dad da ke gefe da rawaninsa marar geza, ya duba Gulzar. Ya zauna.

Bayan girbin alkama aka ɗaura aure. Subeda ya yi ta nuna ango ga baƙi yana buga ƙirji: "Ɗan bataliyarmu ne. Mu ba ma gudu."

Allah Ya albarkaci Resham da Gulzar, Ya ba su 'ya'yan da suka fi kakansu hankali. Wannan kam ba babban roƙo ba ne.