Muryar da Aka Kashe a Taron Litinin

Rabin kansa ta fara gani: goshi, gira da saman tabarau. Sauran allon kwamfutar duk silin ne da wata fanka mai juyawa kamar an yi mata dole.

"Ga sabon injiniyanmu," in ji mai kamfanin. "Ku karɓe shi hannu bibbiyu. A nan babu oga, babu yaro. Iyali ɗaya ne mu, ni kuwa Yaya Babba za ka riƙa ce mini."

Auta ta toshe baki tana dariya, duk da ba mai ganinta. Ita ke tsara fuskar manhajar da kamfanin ke sayar wa masu kantin magani, kuma ita kaɗai aka yarje wa ta bar kyamararta a kashe. Teburinta a ɗakin Umma yake, wadda shanyewar ɓarin jiki ta kwantar, ba ta son idon baƙi ya sauka kan gadon. Kamfanin ba shi da ofis, kowa da garinsa. Abin da ke haɗa su shi ne taron Litinin da Yaya Babba ya raɗa wa suna Da'irar Gaskiya, inda kowa zai amayar da abin da ke ransa a gaban kowa.

Tana fita daga taron ta tura wa sabon saƙo:

"Malam Rabin Kai, ɗan sunkuyar da kwamfutarka mana, mu ga sauran."

Amsa ta zo nan take:

"Wadda ba a ganin ko kunnenta ce ke wannan ƙorafin? Ni dai murya na ji, kuma ta ishe ni guzurin mako."

Daga ranar ya koma Rabin Kai, ita kuma Muryata. Aiki ya zama hira, hira ta zama abin da ba ya faɗuwa a Da'irar Gaskiya. Ran da ta buɗe masa kyamara su biyu, sai ya yi shiru har ta zaci intanet ce ta tsaya.

"Kana ji na?"

"Ina ji. Numfashi nake nema."

Ta juya masa allon ya gaida Umma. Umma ta ɗaga hannunta mai lafiya, bakinta ya karkace da murmushi.

Abba ne ya ƙi. Tsoho ne mai gyaran rediyo, shagonsa na jikin ɗakin, bango ɗaya ya raba su.

"Aikin ba ofis, saurayin ba ƙafa," in ji shi, bai ko ɗago daga rediyon da yake kwancewa ba. "Auta, ni mutumin da ban taɓa ganin ƙafafunsa ba, ba zan ba shi ko batir ba, balle 'ya."

Wanda Abba ya ga ƙafafunsa shi ne Yaya Babba. Ya zo da mota wai duba jikin Umma, ya durƙusa har ƙasa, ya yi ta zuba zancen amana da zumunci. Da zai tafi ya tsaya a bakin ƙofa yana gyara agogo.

"Ƙanwata, iyali fa yakan ƙara kusanci."

"Yaya, ai kai ka ce kai yayanmu ne. A bar shi a hakan."

Ya yi dariya, amma dariyar ba ta kai idonsa ba.

Wata Litinin Rabin Kai na nuna wa taro aikinsa, allonsa a buɗe gaban kowa. Auta ta manta. Ta ga ya yi kyau cikin shuɗiyar riga, hannunta ya riga hankalinta, ta tura masa saƙo. Saƙon ya faɗo a saman allon, a gaban duk kamfanin:

"Rabin Kaina, yau dai rigar nan ta gama da ni. Ka gama mu yi waya. Muryarka."

Wani ya yi tari. Akawun kamfanin ta sunkuyar da kai tana danne dariya. Yaya Babba ya ce, "Ci gaba," cikin wata murya mai sanyin ƙarfe.

Litinin ta gaba Yaya Babba bai bari kowa ya riga shi magana ba. Ya sa kalmar GASKIYA ta cika allo, ya ce iyalin da ake ɓoye-ɓoye a cikinsa ya fara ruɓewa. Ya ce Injiniya ya karya amanar gida, ya mai da wurin aiki dandalin zance.

"Ba kora ba ce," in ji shi. "Rabuwa ce ta mutunci. Amma tunda nan Da'irar Gaskiya ce, duk mai magana ya yi."

Fuskokin nan da suka sha cewa ɗan'uwa suka daskare kamar hotuna.

Auta ta miƙe tsaye har kujera ta faɗi. Ta ce ita ta tura saƙon, in laifi ne nata ne. Ta ce wannan bawan Allah shi ya raya manhajar ran da ta mutu a hannun masu kanti. Ta ce Yaya ya faɗa wa iyalin abin da ya kai shi gidansu da mota, tunda gaskiya ake so. Ta ce tana son Injiniya, in an kore shi a haɗa da ita. Hawaye sun rufe mata ido, tana yi tana dukan tebur, Umma na kiran sunanta da rabin baki.

Da ta share ido ta dubi allon, sai ta ga jan layi a kan makirufonta, da ɗan rubutu a ƙasa: mai taro ya kashe muryarki. Tun kalmar farko.

"To, tunda ba mai magana," in ji Yaya Babba.

Rabin Kai yana kallon baƙin akwatin da ke ɗauke da sunanta. Ya jira. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Sai akwatinsa ya ɓace.

Ta kira, bai ɗauka ba. Ta rubuta:

"Wallahi na yi magana. Shi ya kashe ni. Don Allah ka ɗauka."

Sai da la'asar ya amsa:

"Akawu ma ta ce intanet ɗinta ce ta yanke. Kowa da uzurinsa. Ban nemi ki rasa aikinki ba, kalma ɗaya na jira. Muryar da na sani da ta fito. Ki gaida Umma."

Ta ajiye aikin a ranar. Yaya Babba ya sanar wa sauran cewa ta tafi hutun jinya, iyali na tare da ita da addu'a, aka yi ta jera mata alamar zuciya a zauren hirar kamfanin. Ko mutum ɗaya bai kira ba. Makonni suka shuɗe tana juya Umma, tana shafa mata mai, tana duba wayar da ba ta ƙara.

Wata safiya Abba ya shigo da sukurdireba a aljihun riga, ya tsaya a kanta.

"Ba ni lambar marar ƙafan nan."

Da tasa wayar ya kira, kiran bidiyo, ya manna fuskarsa a allon har hanci kaɗai ake gani.

"Kai ne Injiniya? Ni ne uban yarinyar. Ban son ka, ka san da wannan. Amma tun kafin a haife ka nake gyaran rediyo, na san wanda ya mutu, na san wanda aka murɗe wa murya. Bango ɗaya ne tsakanina da ita. Duk kamfaninku ba wanda ya ji ta sai ni."

Sai Abba ya maimaita maganarta kaf, da dukan teburin da komai. Da ya iso wurin "ina son sa" ya yi kakari, ya kau da kai, ya faɗa da sauri kamar mai haɗiye magani.

Rabin Kai ya matso kusa da allon. Ya ce: "Abba, tana kusa?"

"Tana nan tana jiƙa mini ɗaki. Ka zo in ga ƙafafunka tukuna."

Ya zo a motar haya, da ƙura a takalmi. Dogo ne ashe, har sai da ya sunkuya a ƙofar shago. Abba ya dube shi daga sama har ƙasa ya ce, "To, akwai su."

A tsakar gida ya tsaya gabanta, ya kasa haɗa ido.

"Muryata, na yi miki abin da suka yi mini. Na yanke miki hukunci ban ji ki ba."

"Ka yi," ta ce. "Kuma ya fi nasu ciwo, don su ban taɓa son su ba."

"Zan iya gyarawa?"

"Ka fara da ɗaukar waya."

Ranar ɗaurin aurensu ba a yi taro mai yawa ba. Ango ba aiki, amarya ba aiki, sai 'yar manhajar da suka fara haɗawa su biyu a teburin ɗakin Umma. Daga tsohon iyalin nasu ba wanda ya tako.

Ana shirin fita da ita wayarta ta yi ƙara. Yaya Babba ne:

"Barka ƙanwata! Ki turo hoton bikin mu sa a shafin kamfani. Taken zai zama: Iyalinmu ya haifi iyali. Ai a wurinmu kuka haɗu."

Ta miƙa wa angon ya karanta. Ya buɗe baki, ta girgiza kai. Ta nemo 'yar alamar nan ta kashe murya mai jan layi a gefen sunan Yaya Babba, ta danna, ta jefa wayar cikin jaka.

Suka durƙusa gaban gadon. Umma ta ɗora hannunta mai lafiya a kan Auta, ta jawo na angon ta haɗa. Kalmomin suna fita da ƙyar, ɗaya bayan ɗaya, har ta kai ƙarshe.

"Allah... ya yi... albarka. Ku riƙa... jin juna."

"Amin," in ji Abba daga bakin ƙofa, yana goge ido da gefen hannun riga. "Kai kuma dogo, sunkuya da kyau, kar ka fasa mini ƙofa."