Rediyon Inna Yelwa

Rana ta yi ja a bayan gadar Wudil, kaji sun fara shiga akurki. Suwaiba na tsakar gida tana kwashe tuwo, karatun Alƙur'ani na tashi daga ɗakin kakarta Inna Yelwa, sai ga dutse ya faɗo cikin tukunyar miya. Ta ɗaga kai, babu kowa a kan katanga. Wani ya sauka a kan rufi. Wani kuma ya fito daga ɗakin girki, inda ko taga babu.

Karatun nan daga sabon rediyo yake fitowa. Idon Inna ya daɗe da tafiya, hannunta na rawa, kunnen nan kaɗai ya rage mata a duniya. Da tsohon rediyon marigayi mijinta ya mutu, ɗanta Ja'afar, mahaifin Suwaiba, ya bi shagunan Kano yana neman mai sauƙi. Mai rimot ya ƙi, mai tarin maɓallai ya ƙi. Da ya samu mai memori, ya cika shi da karatu, ya haɗa shi da batirin sola, ya bi maɓallan ya liƙe da salatif. Ja'afar ke nan, in zai kyauta sai ya zarce.

"Inna, ba kunnawa, ba kashewa. Naki ji kawai."

"Allah ya yi albarka. Amma babanka kan kashe nasa da almuru."

Ya yi dariya, ya ce ai tattalin batir ne irin na mutanen da.

Tun daga yammacin jifan nan gidan bai sake zama lafiya ba. Da rana ta faɗi sai a ji kukan jariri a gindin katanga, a haska, ba komai. Suwaiba ta daina ci, ta daina magana. Ran nan aka tsince ta a ƙofar ɗakin Inna ta toshe kunnuwa, tana gurnani da muryar da ba tata ba. Ja'afar ya tsaya a kanta, hannu biyu a ka. Abin tausayi, ƙaton mutum ya rasa ko ta ina zai kama 'yarsa.

Aka ɗauko Malam Halliru daga Indabo, dattijo mai ruƙiyya. Ya zauna, ya daɗe yana karatu a kanta kafin bakin yarinyar ya buɗe.

"Wace ce ke?"

"Maƙwabciya." Muryar tsohuwa ce, a dishe. "Ta tsakar gidan nan muke bi zuwa kogi tun kafin a yi ginin. Marigayi mai gidan ya san da mu. In rana ta faɗi yakan yi mana shiru mu wuce. Yanzu an sa mana abin da ba ya numfasawa. Na ratsa da goyo, ya ƙone."

"Wallahi ban sani ba," in ji Ja'afar. "Zan kashe. Zan fasa shi ma."

"Fasawa za ta tayar mini da ɗana?"

Malam ya daka mata tsawa, ya ce ta ji tsoron Allah ta saki baiwar Allah da ba ta ji ba ba ta gani ba. Ya ƙara karatu. Suwaiba ta sandare, jini ya fara bin hancinta. Dole ya sassauta.

"Ko yarinyar, ko kunnen da aka yi abin dominsa," in ji muryar. "Ku zaɓa."

"Ba ma ciniki da ke," Malam ya ce.

Ba wanda ya ga fitowar Inna. Tana dafe da bango.

"Ɗauki. Ki bar mini jikata."

"Inna!"

Suwaiba ta yi atishawa mai ƙarfi, jikinta ya saki. Can ta buɗe ido ta ce ƙishirwa take ji. Gidan ya yi tsit, jifa bai sake sauka ba.

Da safe Ja'afar ya durƙusa a ƙofar ɗakin ya gaida uwarsa. Ya sake gaidawa. Ya matsa har bakin kunnenta, ya kira ta da ƙarfin da bai taɓa ɗaga mata murya da shi ba. Tana zaune a kan tabarma, ta juya fuskarta wajen ƙofa.

"Suwaiba," ta ce, "duba mini ko babanki lafiya. Yau shiru bai zo gaishe ni ba."