Tuwon da Ragon Maccido Ya Cinye

Ranar Lahadin godiyar kaka Rifkatu ta fara ganinsa. Majami'arsu ƙarama ce, a bayan gidajen ma'aikatan madatsar ruwa ta Goronyo, kowa ya san kowa, don haka baƙo ba ya ɓuya. An tashi sujada, 'yan zumuntar mata sun jera tukwane a inuwar dogon yaro, ita aka ba rabon faranti.

Dogo ne, siriri, da farar riga mai guga. Barnaba sunansa, sabon malamin gona da aka turo daga Sakkwato ya duba manoman albasa na Rimawa. Ta miƙa masa shinkafa da soyayyen kifi, idonta a ƙasa.

"Sannu da zuwa. Ga abinci."

Ya dubi farantin kamar an miƙo masa mushe. "Ludayi nawa na mai aka zuba a nan?"

"Mi?"

"Mai. Da gishiri. Nawa aka sa?"

"Ba mu ƙirga ba," in ji ta. "Addu'a dai munka yi mashi."

Sai ya yi dariya, dariyar ta gyara fuskar nan tasa mai tsami. Bai karɓi farantin ba. Ya buɗe jaka ya ciro roba, a ciki zogale dafaffe da kokwamba, ba ƙuli, ba gishiri, abin da ko akuya sai ta yi tunani kafin ta sa baki. Amma kafin a watse ya karɓi lambar wayarta.

Saƙonsa na farko ya iso tana tsakiyar wanke tukwane:

"Rifkatu, idonki ya hana ni karatu yau. Ina roƙonki abu ɗaya, ki rage cin soyayye, ina so ki daɗe a duniya."

Ta karanta sau huɗu. Rabin farko ya sa ta murmushi, rabin ƙarshe ya sa ta dubi kaskon mahaifiyarta. Inna Talatu shekara ashirin tana suyar kifi da tuwo a bakin kasuwa, tun rasuwar mijinta, da kaskon nan ta raini Rifkatu. Ta rubuta masa:

"Na gode. Amma da soyayye anka raine ni, kuma ga ni nan da raina."

Haka suka fara. Yana kiranta Zumata, ko da yake shi zuma ma ya daina sha. Tana kiransa Malamina. Yana da kirki, ba ya ɗaga murya, in yana maganar irin albasa sai ta ji kamar waƙa. Sai dai kowace hira sai ta ƙare a ciki. Fulawa guba ce, suga guba ne, farar shinkafa guba ce, wani mutum a waya ya faɗa. Yana da ɗan sikeli da yake auna wake kafin ya dafa. In ya ga mutane na cin ƙosai sai ya taɓe baki ya ce, "Jahilci ke kashe mutanen nan."

Bayan wata uku ya zo gaisuwa gida. Inna Talatu ta tuƙa tuwon dawa, ta yi miyar kuka da busasshen kifi, ta yarfa man shanu. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya zauna a bakin tabarma, bai ko buɗe kwanon ba.

Da ya tafi, Inna ta tafa hannu. "Kin gani? Wanga ɗan mutunci na. Yaran zamani sai su buɗe ciki gaban surukai awa gidan ubansu. Shi kunya ta hana shi. Mi ya fi wannan?"

Rifkatu ta san ba kunya ba ce. Amma ta daɗe ba ta ga Inna cikin farin ciki irin haka ba.

Tun daga ranar Inna ta ɗauki aiki. Siriki mai kunya a ɗakinsa yake ci. Kullum la'asar sai ta zaɓi kifi mafi tsoka, ta cika kwano da tuwo, ta ba Mairo mai fura, maƙwabciyarta a kasuwa, ta kai masa. A gidan Maccido mijin Mairo Barnaba yake haya. Washegari kwano ya dawo wanke tas, da saƙon godiya.

Wata biyu ana haka. Ran nan Mairo ta iso kasuwa, ta sauke ƙwarya, ta tsaya tana kallon Inna.

"Talatu, in gaya maki magana ko in bari?"

"Hwaɗi mana."

"Tuwonki akwai albarka. Ragon Maccido har ya hwara kasa tashi."

"Wane rago?"

"Da idona nig gani. In na ba shi kwano sai ya yi godiya har ƙasa, in na ba da baya ya zagaya garke ya juye ma rago tuwon. Kifin kuwa kyanwa ta ka shan daɗi. Ni dama ina mamaki, mutum na cin tuwonki kullum amma shina ƙara zama awa karan dawa."

Inna ta kwashe kifin da ke kasko, ta kashe wuta, ta tafi gida da rana tsaka, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Ashe ƙyama ta," ta ce wa Rifkatu. "Ni ina ce ma mutane kunya, ashe ƙyamata shika yi. Ke kin sani?"

Rifkatu ta sunkuyar da kai.

"To ki ji. Malam Ganye ba shi aurenki. Wanda ba shi cin abin hannuna, abin hannunki ma ba shi ci. Ki yi ta dahuwa kina kai ma dabbobi? Ya tai ya nemi ɗiyar akuya, su yi kiwo tare."

Da ma akwai Gayus, mai sayen kifi a bakin madatsa yana kaiwa Wurno da Rabah. Ya daɗe yana zagaye. Da labari ya kai masa, sai ga shi kullum a rumfar Inna, yana cin malmala uku, yana siɗe yatsu da ƙarfi don a ji. "Inna, duk wanda ya raina tuwon ga, kanshi ba daidai ba." Inna na ƙara masa miya. Rifkatu ta lura ko sau ɗaya bai taɓa tambayarta ya ta kwana ba, tukunya yake gaisarwa.

Barnaba ya turo saƙo:

"Zumata, ban yi don wulaƙanci ba. Ban so in ɓata mata rai shi ya sa na ɓoye. Jiki haikalin Ubangiji ne, dole mu kiyaye shi. Wata rana za ta gane."

Ba ta ba shi amsa ba. Wai ita Inna ce za ta gane.

Lahadin farkon wata aka yi Jibin Ubangiji, ibadar da ake cin burodi tare don tunawa da mutuwarsa. Rifkatu na cikin mawaƙa, daga inda take tana ganin kowa. Dattijon majami'a ya zo da faranti, Barnaba ya ɗauki gutsuren burodi, bai fi kan yatsa ba. Fasto ya ce a ci tare. Kowa ya kai baki. Shi ya sunkuyar da kai kamar mai zurfin addu'a, ya zura hannu a aljihu.

Duk a kan idon Rifkatu.

Bayan an tashi ta tare shi a bayan majami'a. Ita da ba ta iya haɗa ido da namiji, yau ta dube shi sosai.

"Mi ke cikin aljihunka?"

"Zumata..."

"Hiddo shi."

Ya fito da shi, ya marmashe, ya haɗu da zaren aljihu. "Farar fulawa ce," ya ce a hankali. "Kuma suna sa suga."

"Shi ma ragon za ka kai mawa?"

Ta ci gaba:

"Ni ban yi karatu mai zurfi ba, Barnaba. Amma na san wanda ya kira mu teburin ga, ranshi ya ba da. Kai ka duba abin da ya miƙo ma ka ce akwai suga. Kullum kana cewa jiki haikali na. To wa aka bauta ma a cikin naka? Ni ban ga kowa ciki ba sai sikeli."

Ya ce, "Ba ki ga yadda babana ya mutu ba. Ciwon suga. Ni na yi jinyarsa, a gabana aka yanke masa ƙafa. Na yi alkawari ba zan mutu haka ba."

Tausayi ya kama ta, amma ba ta sassauta ba. "Allah ya ji ƙanshi. Ka rage gishiri, ka rage suga, ba wanda ya hana. Amma kai tsoro kaka ci safe da maraice, kana kiranshi tsarki. Kana raina duk wanda bai ci irin naka ba. Kak ka sake rubuto mani."

Mako biyu ba saƙo. Sai ran Alhamis Mairo ta zo da labari: malamin gona ya yanke jiki ya faɗi a fadamar Rimawa, yana tsakiyar koya wa mutane yadda ake ciyar da albasa da taki. Manoma suka kwantar da shi a inuwa, suka dama fura da suga mai yawa suka ɗura masa, sai ga shi ya buɗe ido. A asibiti aka ce jininsa ya yi ƙasa ƙwarai, yunwa ce kawai.

"Gubar dai ita tat tashe shi," in ji Inna, tana juya kifi. Amma Rifkatu ta ga hannunta ya tsaya a kan kaskon.

Bayan kwana uku saƙo ya shigo:

"Rifkatu, kin hana ni rubutu, ki gafarce ni. Mutanen da nake kira jahilai su suka ɗauke ni. Na je wurin Baba Fasto na faɗa masa abin aljihu. Ya ce in fara da neman gafarar wadda na zubar wa abinci. Har yanzu ina jin tsoro in na ga mai, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma gobe zan zo rumfar Inna."

Ya zo da hantsi, kasuwa cike. Gayus na kan benci da malmala ta biyu. Barnaba ya durƙusa a ƙasa, a gaban masu cin abinci.

"Inna, na yi miki laifi. Wata biyu kina ciyar da ni ina zubarwa. Ki yafe mini."

"A'a, Malam Ganye! Yau ba kiwo?"

"Inna, yunwa nake ji."

Inna ta ɗauki kwano ta sa tuwo, ta zuba miya, ta ɗebo man shanu ta tsaya da cokalin a sama. "Nawa za a sa? Ko ka zo da sikelin?"

"Yadda kika ga dama."

Ta yarfa. Ya wanke hannu, ya rufe ido ya yi godiya. Loma ta farko da ƙyar ta wuce, Rifkatu na ganin maƙogwaronsa. Ta biyu ta fi sauƙi. Bai cinye ba, rabi ya ci, zufa na karyo masa.

"Ni da na siɗe," in ji Gayus.

"Kai ko kwanon kare anka ba ka siɗewa za ka yi," in ji Inna. "Matsa mashi ya zauna."

Ba rana ɗaya ya warke ba. Akwai ranakun da Rifkatu za ta ga yana juya loma yana lissafi a zuci, sai ta ce, "Malamina, anka yi addu'a ko ba a yi ba?" Sai ya yi dariya ya ci. Ya koma asibiti, aka tsara masa abin da ya dace da mai tarihin ciwon suga a gida, ashe bai kai rabin dokokin da ya ɗora wa kansa ba. Sikelin kuwa Inna ta karɓe, tana auna barkono da shi. Rifkatu ta lura miyar gida ta ɗan rage gishiri, amma da ta yi magana Inna ta ce tsada ya yi.

Bayan an kwashe albasa aka ɗaura auren a ƙaramar majami'ar. Ana gobe biki sai ga Maccido da Mairo a ƙofar gida, suna jan rago mai wuya kamar turmi.

"Ga gudummawarmu," in ji Maccido. "Ba kyauta ba ta, Talatu. Tuwonki na ya dawo gida."

Inna ta yi dariya har da hawaye.

Ran bikin, bayan Fasto ya sa albarka, ya roƙa masu zaman lafiya da 'ya'ya da tukunya mai yalwa, kowa ya ce amin, Inna da kanta ta kawo wa ango farantin naman. Barnaba ya ɗauki tsoka, ya raba biyu, ya miƙa wa amarya rabi.

"Zumata," ya raɗa mata, "ludayi nawa na mai aka sa?"

Ta harare shi ta cikin mayafi. "Ci, Malamina. Addu'a munka yi mashi."

Ya ci, ya miƙa hannu ya ƙara.