Tocilar da Kawu Nomau Ya Zaɓa

Kai babba, ajiye wayar nan. Hinde, bar kwanukan, ba gudu za su yi ba. Sagir, jawo ƙofa ka zauna. Zancen kawunku Nomau ne, kuma sau ɗaya zan faɗe shi, yadda shi ma sau ɗaya ya faɗa mini. Kun san idonsa ya mutu tun sanyin bara. An ce muku hawan jini ne. Ni na ce a faɗa muku haka. Ba shi ba ne.

Nomau kamun fara yake yi tun kuna goye. Shi ya kamo, ni in soya in kai bakin tasha. Fara ba a kama ta da rana. Sai dare ya yi, sanyi ya sauka, ta lafe a jikin sabara da geza, fiffike ya yi mata nauyi, sannan a tsince ta kamar wake. Aikin duk na haske ne. Tocila ake ɗaurewa a goshi da robar tayar keke, hannu ɗaya na tsinta, ɗaya na riƙe da bakin buhu. Babbar tocila ba ta ɗauruwa, rinjayar kai take yi. Ƙarama kuma haskenta bai cika wuce tsawon hannu ba.

Nomau ƙarama yake so, kuma wadda ta fi ta kowa haske. Abin ya zauna masa a rai kamar ciwo.

Ranar kasuwa ya nufi rumfar mai tocila da baƙin buhu a kafaɗa. Da rana tsaka duk tocila ɗaya ce a ido. Sai ya riƙa zura kansa cikin buhun, ya kunna, ya duba, ya fito.

Mai rumfar ya ce, "Malam, sayayya ka zo ko ɓuya?"

"Miƙo waccan."

"Ga mai caji, ita ake yayi."

"Garinmu ko sandar wuta ba a kafa ba. Mai batir nake so."

Goma sha ɗaya ya gwada. Wata haskenta ja kamar na fitilar ƙwai. Wata ta yi fari amma ta watse, ba ta tafiya nesa. Wata tun a hannu ta fara ɗumi, ya san wannan za ta sha batir kafin dare ya raba. Sai mai rumfar ya tsuguna ya zaro wata daga ƙasan kwali. Baƙa ce, ta ƙarfe, tsawonta kamar ɗan yatsa. Ƙananan batir uku take ci. In an ja bakinta haske ya tsuke, in an tura ya baje. Nomau ya shiga buhu da ita. Ya ga zaren buhun ɗaya bayan ɗaya. Ya ɗora tafin hannu a bakinta, ya ga inuwar ƙasusuwansa a cikin jan nama.

Mai rumfar ya ce, "Wannan kam sai ka kiyaye idon mutane."

Nomau ya biya, ya sa ta a aljihu.

Masu fara suna da ƙa'ida biyu. Ba a shiga daji sai a ƙungiya, kowa yana hangen wutar ɗan'uwansa. Ta biyu kuma, tunda tocila a goshi take, duk inda ka kalla can za ta haska. Saboda haka in ka ji motsin mutum, sunkuyar da kai ake yi, a yi sallama ana kallon ƙasa.

Dare biyu ya fita da mutanensa. Haskensa ya shanye nasu. Duk gezar da ya haska sai su yi caa a kanta, su tsince kafin ya kai hannu. Mati, babbansu, har da tsokana.

"Nomau, juyo mana da ranar nan taka. Tawa ta zama ƙyastu."

Suka yi dariya. Shi bai yi ba. A dare na uku, da suka kai mararraba, ya karkata hagu, hanyar Kwarin Maje.

Mati ya ce, "Ba a zuwa kwarin nan."

"Da can ba a gani, shi ya sa."

"Nomau!"

Bai waiwaya ba.

Kwarin shiru. Ko gyare ba ya kuka. Ƙarangiya ta cika wurin, ta kama masa wando har gwiwa. Amma fara, bai taɓa ganin irinta ba. Manya, masu ƙiba, a jere a kan reshe kamar an shirya su da hannu. Ya tsinta. Ba wadda ta yi tsalle. Buhu ya kai rabi, bai ji gajiya ba, bai ji daɗi ba.

Sai ya ji tari.

Ya san ƙa'ida. Shekara talatin yana binta. Amma wuyansa ya riga shi, ya ɗaga kai, ya tsuke hasken, ya dasa shi a fuskar mai tarin.

Mutum ne tsaye a gindin wani tsohon maje. Dattijo, siriri, da farar riga har ƙasa. Hasken nan da ba wanda ke iya kallonsa, shi ko ƙiftawa bai yi ba.

Nomau ya ce, "Salamu alaikum."

"Sai da ka gama kallona."

Bakin mutumin ya motsa a gabansa. Muryar kuwa daga bayan kunnensa ta fito.

Sai a lokacin Nomau ya sunkuya. Hasken ya sauka a ƙafafun mutumin. Ba takalmi. Tsaye yake a tsakiyar ƙarangiya, ko ɗaya ba ta maƙale a rigarsa ba. Ciyawar da ke ƙarƙashin tafinsa a miƙe take, ba ta lanƙwasa ba.

"Tun daga mararraba kake haska mana ɗakuna. Yara sun tashi."

"Ban sani ba, Baba."

"Me ke cikin buhun?"

"Fara."

"Ta wa?"

Nomau ya ce mini ya nemi tsoro a jikinsa bai samu ba. Kamar an zare masa wani abu daga ciki an bar fatar a tsaye. Ya so ya yi addu'a, harshensa ya yi nauyi. Ya saki bakin buhun. Farar ta fito a hankali, a layi, ta hau bishiyar ta koma inda take.

Dattijon ya ce, "Haske kake so."

"Na sana'a ne kawai."

"Goma sha ɗaya ka ƙi. Kawo."

Ya kwance robar ya miƙa. Yatsun da suka karɓa sanyi gare su kamar randa. Mutumin ya murɗe gindin tocilar, ya zazzage batir ukun, ya zuba wa Nomau a tafin hannu. Ya mayar da murfin. Tocilar ba ta mutu ba. Ƙara haske ta yi.

"Yanzu ta fi ta kowa. Ranar da ka gaji da gani, ka dawo da ita nan. Kai kaɗai."

Nomau ya karɓa. Ya ɗaga ta don ya nemi hanya.

Ba kwari ba ne. Gari ne. Duk inda hasken ya faɗa akwai mutane. Mata suna daka, taɓarya na sauka ba ƙara. Wani tsoho na saƙar tabarma. Yara a bakin ƙofofi sun kare ido da hannu. Inda hasken bai kai ba, geza ce da duhu. Inda ya kai, su ne. Ɗaya bayan ɗaya suka bar abin da suke yi, suka juyo suna kallonsa. Ba fushi a fuskarsu. Ba komai a fuskarsu.

Ya danna makunnin. Ya sake dannawa. Ba ta mutu ba.

Bai yi gudu ba. Ya haska ƙafafunsa, ya bi su. Ya bar buhun can. Sai gab da kiran assalatu ya turo ƙofar gidan nan, ya zauna a bakin murhuna. Na fito alwala na same shi.

Na ce, "Ina farar?"

Ya ce, "Yaya, kashe mini wannan."

Na danna, ta ƙi. Na buɗe gindinta na leƙa. Wayam. Ni ba mai ihu ba ce, kun sani. Na ɗauko tsohuwar tukunyar ƙasa na jefa ta ciki, na kife da faifai, na ɗora dutsen niƙa.

Ina ɗora dutsen ya ce, "Wa ya ɗauke asubar?"

Gari ya waye tangaran. Rana ta fito. Shi bai gan ta ba. Na kai shi asibitin birni, likita ya haska idanun ya ce lafiyarsu ƙalau. Malamai uku suka yi rubutu, ya sha. Bai ce ya ji sauƙi ba, bai ce bai ji ba. Abinci in an ba shi ya ci. In ba a ba shi ba, ba ya tambaya.

Sau ɗaya na buɗe tukunyar na sa masa ita a hannu. Nan take ya gan ni. Ya ce, "Yaya, kin rame." Sai ya ɗan karkata hasken zuwa bayana, wajen turmi. Ya daɗe yana kallon wurin. Ya ce, "Rufe." Ban tambaye shi abin da ya gani ba, kuma tun ranar ban sake daka a wurin ba.

Ga inda muke. In tana rufe, makaho ne. In tana hannunsa yana gani, amma ba mu kaɗai yake gani ba. Shekara guda ke nan tana ci a cikin tukunya. In dare ya yi ana ganin farin layi a gefen faifan.

Jiya da la'asar ya kira ni. Ya ce, "Yaya, na gaji. Ki ba ni in mayar."

Mati ya ce zai raka shi. Ba zai yiwu ba, an ce shi kaɗai. Zuwa ba wuya, tocilar za ta kai shi. Dawowar ce ban sani ba. Mutumin bai ce zai mayar masa da ido ba. Bai ma ce zai bar shi ya juyo ba. In ya miƙa ta, ya zama makaho a tsakiyar Kwarin Maje cikin dare, ba mai riƙe masa sanda.

Sagir, na ga bakinka yana motsi. A'a. Ba za ka kai masa ba. Ko da rana, ko da mutum goma a bayanka, ban yarda ɗayanku ya karkata hagu a mararrabar nan ba, balle shi kaɗai. Wannan na gama yanke shi.

Ɗayan hukuncin ne ya gagare ni. Ƙanena ne, ni na goye shi, shi ya sa hannuna ya kasa. Ku kawunku ne, kuma kun girma. Tukunyar tana ƙarƙashin gadona. Ya ce gobe bayan isha'i zai zo bakin ƙofata ya tsaya. Ku faɗa mini kafin ku tashi daga tabarmar nan: in ɗaga dutsen, ko in bar shi.